Kunnen Tsigi na Hagu

Litinin, da safe

'Yan kunnen suna nan, duka biyun. Na duba kafin ta sha shayi, na sake dubawa a ƙofar makaranta, har Tsigi ta ture hannuna ta ce malamarsu tana kallonmu. Shekararta huɗu da 'yan watanni, amma bakin nan nata ya yi arba'in.

Mamanta ce ta kai ta aka huda, ana saura 'yan kwanaki a kwantar da mamar a asibiti. Tun haihuwar yarinyar take ƙin hujin. Tsigi bakwaini ta zo, kunnenta kamar ɓawon albasa, uwar ta ce ba allurar da za ta taɓa 'yarta sai wadda likita ya rubuta. Dangi suka yi surutu har bakinsu ya gaji. Sai ga shi rana ɗaya na dawo daga aiki na tarar da yarinya tana ta juya kai a gaban madubi, da wasu 'yan kunnen gwal ƙanana, waɗanda mamar ta sa tana yarinya. A makon nan ne kuma ta koya mini kama gashi gida biyu, ta nuna mini inda ta ajiye takalman baɗi, waɗanda yanzu sun yi wa Tsigi yawa. Ban tambaye ta dalilin saurin ba.

Abu ɗaya ta ce mini a kansu: kar in bari su faɗi, don sabon huji in ya zauna babu komai toshewa yake. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Gyaran famfo ne sana'ata, kuma in akwai abin da na sani a duniya shi ne, duk abin da ya yi sako-sako shi ke yoyo. Kowane ɗan kunne yana da wani mitsitsin makulli a baya, wanda ake turawa a jikin tsinken. Kullum da safe nakan sa farce in matsa shi ciki har sai na ji ya zauna daram.

Talata, da la'asar

Ba a barin yara su hau sashen da mamar take kwance. Amma akwai wani tankin ruwa a bayan ginin, in ka tsaya a jikinsa kana hango tagarta a hawa na uku. Can muke zuwa. Nakan ɗora Tsigi a wuyana, in kira mamar a waya, ita kuma ta lallaɓa ta zo taga. Bakin tankin nan yana ɗiga, ba mai kula da shi, hannuna sai ƙaiƙayi yake yi.

Yau tana cikin magana sai ta katse, ta ce in ɗan juya da yarinyar dama. Na juya. Ta ce ta ga ɗan kunnen, rana ta doke shi ya yi wal. Abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, daga hawa na uku! Ni da ke riƙe da ƙafafun yarinyar ban ga komai ba.

Alhamis, bayan azahar

Na hagun ya yi ja. Yayata, wadda ke ɗauko Tsigi daga makaranta ta kuma yi mana girki, ta ce haka sabon huji yake yi, a riƙa gasawa da ruwan ɗumi da gishiri. Ta ce kuma in daina yawan taɓawa da wannan hannu nawa da ba ramin da bai shiga ba. Furfura ta fara fito mini a gemu, amma har gobe Auta take ce mini, kuma a gaban 'yata.

Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na gasa. Tsigi ta ce akwai zafi kaɗan, irin na shayi.

Asabar, da yamma

Wuni na yi a wani gidan sama ina neman inda ruwa ke zurara a cikin bango. Kunnena na kara a jikin siminti ina bi a hankali, masu gida suna kallona kamar mai duba. Na samo shi a bayan murhu. Duk wunin nan hankalina yana gida.

Kunnen ya kumbura, ya yi sheƙi. Da na ga haka sai tsoro ya kama ni kada kumburin ya turo makullin ya fice. Na ƙara matsa shi. Tsigi ta ɗan runtse ido kawai. Yarinyar nan ban san inda ta samo wannan dauriyar ba, don dai ba a wurina ba ne. Ni ko allurar rigakafi sai an riƙe ni.

Lahadi, da azahar

Likitoci sun sake buɗe wa mamar ɗinkin aikin da aka yi mata a ciki. Tsigi ta ci abinci sosai yau.

Litinin, da hantsi

Makullin hagu ya ɓata. Na ɗaga kunnen da safe, babu shi, sai jan kumburi da ɗan ruwa-ruwa.

Ban je aiki ba. Na kakkaɓe zanin gado, na ɗaga katifa, na share ɗakin na tankaɗe sharar da hannu. Daga ƙarshe na ɗauko sifana na kwance lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke fuska, inda duk abin da ya faɗa yake maƙalewa. Na sami maɓallin riga, da kan buroshi, da dogon gashi mai yawa wanda ba na Tsigi ba ne. Na daɗe a zaune a ƙasan banɗakin kafin in mayar da bututun.

Abin da ya ɗaure mini kai, ɗan kunnen yana nan a tsaye. Ba abin da ke riƙe da shi ta baya, amma ko motsi bai yi ba. Ta yi tsalle a kan gado, ta yi barci a kansa, yana nan. Na ce ikon Allah. Na yanko filasta na manna ta baya don kada in yi sake.

Talata, da la'asar

Na sa mata hular sanyi muka je gindin tanki, rana kuwa kamar ta dafa mutum. Mamar ta tambayi hular ta mece ce, na ce rigimar Tsigi ce, ita ta nace. Ta ce suna nan? Na ce suna nan.

Tsigi tana wuyana, ta sunkuyo da kanta har fuskarta ta zo saitin tawa a juye, ta zuba mini ido. Ba ta tona ni ba. A hanyar gida ma ba ta tayar da zancen ba, sai da na gwammace ta tayar.

Laraba, bayan magariba

Jikin Tsigi ya yi zafi. Da na ɓare filastar sai wari ya buge ni, mugunya ta biyo ta. Bayan kunnen har zuwa wuya ya yi tauri.

Yaya ta ce a cire shi yanzu-yanzu. Na ce in an cire zai toshe. Ta ce ya toshe mana, garin neman gira za ka rasa ido. Na ce an ba ni amana. Muka yi ta yi, murya ƙasa-ƙasa don kada yarinyar ta ji, ni kuwa na kafe. Can sai Yaya ta ajiye ludayin da ke hannunta, ta dube ni irin kallon da take mini ina ƙarami.

"Auta," ta ce, "hujin nan fa ba shi ke riƙe da ran matarka a can sama ba."

Na fita na zauna a matakala. Na ji haushinta sosai, har yanzu ma ina ji. Da na dawo na tarar ta rufe mini abincina ta tafi.

Alhamis, da yamma

Yau zan rubuta da yawa, don ba na so in manta.

Da gari ya waye na gwada zare shi da kaina. Ya ƙi. Na ɗan ja, sai na ga duk fatar kunnen tana biyo shi, Tsigi ta ƙanƙame gwiwata. Nan na saki, na saɓa ta a kafaɗa sai asibiti. Sashen yara yana ƙasa, a ginin da mamar take. Na bi ta ƙofar gefe don kada a hango mu ta taga.

Nas ɗin da ta karɓe mu wata doguwar mata ce mai tabarau a kan hanci. Na yi mata bayani cewa makullin ya faɗi tun Litinin, na neme shi har cikin bututu. Ta ce to. Ta rage hasken ɗakin, ta ɗauko 'yar tocila ta kara a bayan kunnen, ta ce in zagayo ta gaba in gani.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kunnen ya kama haske ya yi jawur, ga jijiyoyi sirara sun fi gashi, sun rarrabu, kowace ta sake rabuwa, kowace da inda za ta kai nata jinin. Na yi shekaru ina shimfiɗa bututu a gidajen mutane ina jin kaina gwani. Ga aiki nan a wurin da bai kai faɗin farcena ba, ba haɗi, ba gam, ba inda yake ɗiga. A tsakiyar jan nan kuma ga wani ɗan duhu mai fukafukai biyu.

Ta ce ga makullinka nan, bai je ko'ina ba. Ya nutse ne, fata ta rufe a kansa. Ta ce jiki haka yake, in ka danna masa abu ka hana shi sarari, sai ya haɗiye shi ya ɗinke. Sannan ta tambaya ko akwai mai matsa shi.

"Baba ne," in ji Tsigi. "Kullum-kullum. Don kar ya ɓata."

Da alfahari ta faɗa, har tana ɗaga haɓa. Nas ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi hannuna, ta tambayi sana'ata. Na faɗa mata. Ta ce ai shi ya sa. Sai ta nuna mini a kunnen dama yadda ake barin sarari, har tsinken ya riƙa juyawa, iska tana shiga. Duk abin da na koya tun ina yaron shago, a nan akasinsa ake so.

Aka yi allurar kashe zafi. A nan ne kaɗai Tsigi ta yi ƙara, sau ɗaya, sannan ta kama babban yatsana. Da nas ta ɗauko 'yar aska sai yarinyar ta dubi fuskata ta ce, "Baba, rufe idonka." Na rufe. Ina ji ƙarfe yana taɓa ƙarfe, ina jin numfashinta a bayan hannuna, sai na ji wani ɗan ƙaramin ƙara a cikin tasa. Da na buɗe ido ɗakin yana juyawa, sai da aka ba ni kujera da ruwa. Mai ciwo tana zaune tana kaɗa ƙafa, ɗan rakiya ne ake yi wa fifita.

An ba mu maganin sha da na shafawa. Na tambaya ko za a iya sa wani abu, ko zare ne, don hujin ya tsaya. Ta ce a'a, a bar shi ya toshe, in ya warke sarai bayan wasu watanni a sake hudawa. Na ce wasu watanni nawa. Ta faɗa. Na hau lissafin da bai kamata in yi ba.

Juma'a, da la'asar

Ban hau sama ba yau. Na ce wa mamar aiki ya riƙe ni.

Lahadi, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka. Yaya ta zo, ta ɗaga bandejin ta leƙa, ta ce an gode Allah. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma na san hakan ya fi komai yi mata wuya. Na haɗa mata shayi da kaina, ta ce sukarin ya yi yawa, ta shanye.

Tsigi tana yawo da ɗan kunne ɗaya ko a jikinta. Ta gaya wa yaran maƙwabta wai ɗayan ya gaji ne yana hutawa. Na dama yanzu yana juyawa sako-sako. Duk lokacin da na gan shi haka sai farcena ya motsa, in tura hannun cikin aljihu.

Laraba, da yamma

Kowace safiya in na buɗe don in wanke, sai in tarar an yi aiki. Jiya bakin yankan a buɗe yake, yau ya matso. Taurin wuyan ya tafi. Jan ya koma ruwan hoda. Ba abin da nake yi ban da shafa magani, yarinyar kuma barcinta take yi, ba ta ma san ana yi ba. A sana'ata bututun da ya tsage a tsage zai zauna har sai an kira ni, in ba a kira ni ba ya ƙara tsagewa. Ban taɓa zuwa gida aka ce mini ai ya haɗe da kansa ba. Nakan tsaya da auduga a hannu ina kallo har Tsigi ta ce za mu makara.

Na hau sama da rana. Na tarar ana wanke wa mamar ɗinkin, an ja labule, sai na tsaya a baranda. An daɗe. Likita ya fito ya yi mini magana a hankali, ya ce ɗinkin bai haɗe ba, jikin bai karɓa ba tukuna, suna dai ƙoƙari. Yana son kalmar nan tukuna.

Da na shiga ta ce suna nan? Na ce Tsigi tana gaishe ki, ta iya rubuta harafin farko na sunanta. Ta dube ni, ta lumshe ido.

Asabar, da safe

Ɓawon ciwon kunnen ya faɗi. Suna nan, suna nan, suna nan. Na gaji da kalmar.

Litinin, bayan la'asar

Ya toshe. Na kai ta bakin taga na ɗaga kunnen saitin rana, ko alamar ƙofa babu. Ɗan ɗigo ne kawai a gaba, a baya kuma siririn layi, sai ka san wurin za ka gan shi. Abin da na fi tsoro ke nan tun farko, ga shi ya faru, amma ban iya daina kallonsa ba. Fatar sumul, sabuwa, ta fi ta kewayenta laushi. Baƙin ciki nake ji da mamaki a haɗe, ban san wanne zan sa a gaba ba.

Talata, da azahar

Babbar nas ta sashen mamar ta tare ni a baranda, ta ce gobe in zo da yarinyar. Na ce ba an hana yara hawa ba? Ta ce dokar tana nan. Ta ce ka dai kawo ta.

Da na gaya wa Yaya sai ta nemi kujera ta zauna. Can ta tashi ta jona dutsen guga, ta ce wace riga ce uwar ta fi so.

Laraba, da yamma

Na sa mata hular. A hawa na biyu ta cire ta miƙo mini, ta ce zafi take ji. Ban mayar mata ba.

Mamar ta rame fiye da yadda taga take nunawa, na ga Tsigi ta ɗan tsaya a bakin gado tana nazarinta. Sannan ta hau. An ce kada ta taɓa cikin, sai ta kwanta ta gefe, ta sa kanta a kafaɗar uwar, kunnen hagu a sama.

Na buɗe baki zan fara bayanin da na kwana biyu ina shiryawa, Tsigi ta riga ni. Ta ba da labarin kaf, da tocila, da aska, da ƙarar tasa. Ta ce Baba ne ya matse shi da yawa, kunnen ya haɗiye. Ta ce ita sau ɗaya ta yi kuka, Baba kuwa sai da aka ba shi kujera. Matar da ke gadon kusa ta yi dariya har da tari. Ni dai ina tsaye da hula a hannu ina jiran hukunci.

Mamar ba ta dube ni ba ma. Ta sa yatsu biyu ta kama fatar kunnen, tana murzawa a hankali, ta juya shi ta duba bayan, ta sake murzawa. Ta daɗe tana yi.

"Yanka suka yi?" ta ce.

Na ce yanka suka yi.

"Ba ɗinki?"

Na ce ko ɗaya. Ta tambaya yaushe, na ce bai cika sati biyu ba. Na ce ta yi haƙuri, hujin ya toshe, amanar da ta ba ni ke nan guda ɗaya tak.

"Baban Tsigi, kai dai ba ka da wayo," ta ce. Murya ba ta fita sosai, sai da na sunkuya. "Kalli yadda ya haɗe. Da kansa fa. Yarinyar da aka ce mini ba za ta kwana ba." Ta dafe cikinta da ɗaya hannun, don dariya tana mata ciwo. "Alhamdu lillahi. Ba ta gado ni ba."

Ta riƙe kunnen har Tsigi ta yi barci a jikinta. Lokacin ziyara ya wuce, ba wanda ya zo ya ce mu tashi.